Bakunan ganye da suka hana ni sare mangwaro

Mu 'yan Zangon Wagadugu, tun da aikin ZACA ya tashe mu daga Zangoetin a 2003, bayan maƙwabta ba abin da muka yi kewa kamar inuwa. Mangwaron da na dasa a sabon gida ya girma, amma bana na ƙudurta sare shi in gina shago.

Ana haka 'yata da ke lise ta tsinki ganyensa biyu, wai malamin SVT ya ce kowa ya kawo. Da ta dawo ta ce, "Baba, wallahi ganye baki gare shi." Na yi dariya. Ba ta haƙura ba sai da ta ja ni makarantar, malamin kuma ya yarda in duba.

Aikin ba wuya. Ana shafa jan farce marar launi a bayan ganye, a bari ya bushe, a ɗauke shi da sikoci, a manna a ɗan gilashi, a sa ƙarƙashin madubin likita. Da malam ya ƙara girman hoton sau 400, sai ga ƙofofi birjik, kowace tsakanin ƙwayoyi biyu masu kama da wake. Da Faransanci "stomates" ake ce musu, daga kalmar Girkanci mai nufin baki.

Ta nan ganye ke shaƙar iskar kabon ya haɗa abincinsa, ya saki iskar da muke numfashi. Ta nan kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ke fita a tururi, ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. In ƙasa ta bushe, ƙwayoyin nan biyu su saki, ƙofa ta rufe. Ashe shi ya sa a Afrilu, zafi ya haura 40, ƙarƙashin mangwaro ya fi rumfar kwano daɗi nesa ba kusa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai: madubi ɗaya ne ajinsu ke layi a kai, kowa ya leƙa ya matsa. Iyaye, in mun haɗa kuɗin fenti, mu tuna da wannan.

Shago dai na gina, ƙarami, a ɗaya kusurwar. Mangwaro na nan, yarinyar ce ke ba shi ruwa.