Tsofaffin Tef-tef Na Joni Mitchell Sun Sake Ta Da Shari'ar 1979

Daga Wakilinmu

Ran 4 ga watan Oktoba na shekarar 2024, kamfanin Rhino na ƙasar Amurka ya fito da wani babban kundi mai faya-fayai shida, ɗauke da waƙoƙi da kaɗe-kaɗe kusan ɗari waɗanda aka ɗauka tun shekaru arba'in da ɗoriya da suka wuce, amma aka ajiye su ba a sayar ba. Mai waƙoƙin ita ce Joni Mitchell, 'yar ƙasar Kanada, wadda ke tsara waƙarta da kanta, ta ɗora mata kiɗa, ta kuma rera. Kundin shi ne na huɗu a jerin da ake tonowa daga taskarta, kuma ya shafi shekarun 1976 zuwa 1980, watau lokacin da ta bar irin waƙar da ta yi suna da ita, ta shiga kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka.

Wannan lokaci shi ne aka fi yi mata surutu a kansa. Masoyanta na dā suka ce ta ɓata, wasu daga cikin ma'abota jaz suka ce ta shiga gonar da ba tata ba, gidajen rediyo kuwa suka janye daga saka sababbin waƙoƙinta. To, waɗanda suka yanke wannan hukunci sun yanke shi ne bisa faifan da ya fito kasuwa kaɗai. Yanzu da aka buɗe taskar, kowa na iya sauraron aikin tun yana ɗanye, ya ga ko an yi mata adalci.

Wace Ce Ita?

An haifi Roberta Joan Anderson ran 7 ga Nuwamba, 1943, a garin Fort Macleod na lardin Alberta, ta kuma tashi a birnin Saskatoon. Sunan Mitchell na mijinta na fari ne. Tana da shekara tara cutar shan-inna ta kama ta, ta bar mata rauni a hannun hagu, wanda da shi ne mai kaɗa jita ke danne tsirkiya. Maimakon ta haƙura da kiɗa, sai ta riƙa sake ɗaurin tsirkiyoyin jitarta, tana sassauta wannan tana ƙara wa waccan ƙarfi, yadda za ta sami amon da take so ba tare da ta wahalar da yatsunta ba. Wannan dabara ce ta ba kiɗanta wani irin sauti wanda bai bi ƙa'idar da makaɗan gargajiyar Turawa suka saba da ita ba.

A 1971 ta fitar da faifan Blue, wanda har yau ake lissafa shi cikin mafiya kyawun faya-fayan zamaninsa. Yawancinsa muryarta ce da jita ko fiyano, tana faɗin abin da ke zuciyarta ba ɓoye-ɓoye. Amma da ta so faɗaɗa kiɗan, sai ta tarar makaɗan da ta saba aiki da su suna kasa bin ta. Aka ba ta shawara ta nemi makaɗan jaz. Ta haka ne ta haɗu da ƙungiyar L.A. Express, suka yi faifan Court and Spark a 1974, wanda ya kai matsayi na biyu a jerin cinikin faya-fayai na Amurka, kuma shi ne faifanta da ya fi kowanne kasuwa. Da kuɗi ne abin da take nema, da nan ta tsaya ta yi ta maimaitawa.

Faya-fayai Huɗu Cikin Shekara Biyar

A watan Nuwamba na 1976 ta fitar da Hejira. Mai karatu ba ya bukatar fassara, domin kalmar Larabci ce da muka sani, watau hijira. Ta zaɓe ta ne saboda tana neman kalmar da za ta nuna barin wuri cikin mutunci, kuma yawancin waƙoƙin ta tsara su ne a kan hanya, tana tuƙa mota ita kaɗai daga gabashin Amurka zuwa Kalifoniya. A wannan faifai ne ta fara aiki da wani saurayi, Jaco Pastorius, mai kaɗa jitar bas. Shi Jaco ya cire ƙarafan da ke gitta wuyan jitarsa, saboda haka sautinsa yakan zame daga wannan murya zuwa waccan kamar na goge. A maimakon ya tsaya ƙarƙashi yana riƙe da taki kamar yadda masu bas suka saba, sai ya riƙa amsa mata kamar ɗan amshi.

A ƙarshen 1977 sai ga Don Juan's Reckless Daughter, inda waƙa guda, Paprika Plains, ta cinye fuskar faifai ɗungum, minti goma sha shida. A watan Yuni na 1979 Mingus ya biyo baya. Na huɗu shi ne Shadows and Light na 1980, wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo a Santa Barbara cikin watan Satumba na 1979, tare da Jaco, da Pat Metheny a jita, da Lyle Mays a fiyano, da Michael Brecker mai busa saksofon, da Don Alias a ganguna.

Kiran Da Mingus Ya Yi

Cikin waɗannan huɗu, na uku ne tushen rigimar. Charles Mingus, wanda aka haifa a 1922, yana cikin manyan masu tsara kiɗan jaz da aka taɓa yi, kuma gwani ne wajen kaɗa babban gogen nan mai tsayin mutum wanda ake tsinka da yatsa. Mutum ne mai zafin rai, wanda bai taɓa ɓoye fushinsa game da wariyar launin fata ba. A 1977 likitoci suka tabbatar yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi, wadda ke barin mutum da hankalinsa garau alhali gaɓoɓinsa sun daina aiki. Da ya kasa riƙe kayan kiɗa, sai ya koma rera abin da ke kansa ana ɗauka a rikoda.

Abin lura a nan shi ne, Mingus ne ya aika neman Joni Mitchell a 1978. Da farko ya so ta taya shi wani aiki a kan dogon waƙen T.S. Eliot mai suna Four Quartets, ta ga ba za ta iya ba. Daga baya ya tsara mata karin waƙa guda shida, ya ce ta sa musu kalmomi. Wannan aiki ne mai wuya ga wadda ta saba ɗinka kiɗa daidai da maganarta, domin yanzu dole maganar ce za ta bi kiɗan wani, da dukan hawa da gangarensa.

Mingus ya rasu ran 5 ga Janairu, 1979, a garin Cuernavaca na ƙasar Meziko inda ya je neman magani, yana da shekara 56. Faifan bai fito ba sai bayan wata biyar. Ya ƙunshi uku daga cikin sababbin karin nan, da tsohon kiɗansa na 1959, Goodbye Pork Pie Hat, wanda ya yi don makokin mai busa Lester Young, sa'an nan da waƙoƙi biyu nata na kanta. Waɗanda suka kaɗa sun haɗa da Jaco, da Herbie Hancock, da Wayne Shorter, da Peter Erskine. Tsakanin waƙa da waƙa kuma an sa guntayen hirar Mingus da aka ɗauka yana da rai.

Faifan ya tsaya a matsayi na 17. Ita da bakinta ta sha faɗi a hira cewa wannan aiki ne ya raba ta da gidajen rediyo, ta kuma ce ba ta yi nadama ba.

Abin Da Ke Cikin Taskar

Kundin na 2024 ya fara ne da ƙarshen 1975, sa'ad da ta bi ayarin yawon waƙa na Bob Dylan, inda ake jin ta tana gwada waƙar Coyote a gaban jama'a tun ba ta gama tsara ta ba. Akwai wasannin da ta yi a farkon 1976, da ɗaukar gwaji ta waƙoƙin Hejira, ita da jitarta kawai kafin Jaco ya sa hannu. Akwai kiɗan fiyano da ta yi kai tsaye ba shiri, wanda daga cikinsa ne aka gina Paprika Plains. Daga ƙarshe akwai wasan da ta yi a filin Forest Hills na birnin New York cikin watan Agusta na 1979.

Amma inda mai nazari zai fi daɗewa shi ne gwaje-gwajen farko na faifan Mingus. Tun a bangon faifan na 1979 ta ambaci sunayen wasu makaɗa da ta yi zaman gwaji da su amma ba a ji su a faifan ba, irin su Phil Woods, da Gerry Mulligan, da Tony Williams, da Stanley Clarke, da John McLaughlin, da Eddie Gomez. Shekara da shekaru masu sha'awa suna jin labarin waɗannan zama. Yanzu an fitar da wani ɓangare na gwaje-gwajen, kuma abin da suka nuna a fili yake. Waƙa ɗaya za ka ji an ɗauke ta da murya da ganga kawai, a sake ɗauka da wasu makaɗa, a sauya taki, a watsar, a koma farko. Mawaƙiyar da duniya ta riga ta yi wa kirari ta koma ɗaliba, tana koyon inda za ta ja numfashi a cikin karin da ba nata ba.

Ke nan zargin da aka yi mata na cewa ta ɗauki jaz kamar rigar aro don ado bai da ƙarfi. Mai neman ado ba ya zubar da aikin manyan makaɗa irin waɗannan ya sake sabo. Wannan kuwa bai hana mai sauraro ya fi son gwajin farko a kan faifan da ya fito ba. Akwai masu ganin kayan kiɗan lantarki da ta zaɓa daga ƙarshe sun nisanta aikin daga irin sautin da aka san Mingus da shi. Abin da kundin ya yi shi ne ya ba kowa damar kwatantawa da kunnensa.

Akwai kuma abin da taskar ba za ta wanke ba. A bangon faifan 1977 ta fito da fuska shafe da baƙi, cikin shigar baƙin mutum namiji, al'adar da ke da mummunan tarihi na izgili ga baƙar fata a Amurka. Da aka sake buga faifan a 2024 an sauya hoton bangon. Gwanintar kiɗa dabam, wannan kuskure dabam, kuma mai adalci zai riƙe duka biyun.

Game da kiɗan kansa, manyan makaɗan jaz sun riga sun ba da shaidarsu. Wayne Shorter ya ci gaba da busa a faya-fayanta shekaru da yawa. Herbie Hancock kuwa ya yi faifai sukutum na waƙoƙinta, River: The Joni Letters, wanda ya ci lambar Grammy ta faifan shekara a 2008.

Tef Ba Ya Jiran Kowa

Dukan wannan magana ba za ta yiwu ba in da ba a adana tef-tef ɗin ba. Zaren tef abu ne mai rai gajere. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi a shekarun 1970 suna shan laima, danƙon da ke riƙe da garin ƙarfen ya yi laushi, har sai an gasa su a hankali cikin tanda ta musamman kafin a iya juya su ko da sau ɗaya. Wuta ma tana nata. A watan Yuni na 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya a harabar Universal da ke Kalifoniya, inda asalin tef-tef na mawaƙa masu yawa suka ƙone ƙurmus.

Ita kanta taskar Joni Mitchell akwai sa'a a cikinta. Kundi na farko, wanda ya fito a 2020, ya buɗe ne da waƙoƙin da ta rera a wani gidan rediyo na Saskatoon a 1963, tana da shekara 19. Ma'aikacin da ya ɗauka ya ɗauka tef ɗin ya ɓace, sai bayan fiye da shekara hamsin aka tsince shi cikin tsofaffin kayansa. Wannan kundi ya ci lambar Grammy ta faifan tarihi a 2022. Na biyu ya fito a 2021, na uku a 2023.

Har ila yau, aikin ya zo ne a kan gaɓa. A watan Maris na 2015 jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, har sai da ta sake koyon tafiya da kaɗa jita. Ba ta sake yin cikakken wasa a gaban jama'a ba sai a bikin Newport na watan Yuli, 2022. Da yake Allah ya ja kwananta, da ita aka zauna aka zaɓi abin da za a fitar, kuma a cikin ɗan littafin da ke tare da kundin akwai hirarta da marubuci Cameron Crowe game da waɗannan shekaru. Da yawa daga abokan aikinta ba su sami wannan dama ba. Jaco Pastorius ya rasu a 1987 yana da shekara 35, Michael Brecker a 2007, Lyle Mays a 2020, Wayne Shorter a 2023.

Ga ɗalibi, darasin da ke cikin wannan kundi shi ne aikin da ya ga ya fito tsaf yana da tarin gwaji a bayansa, wanda gwani ya yi ya watsar ba tare da kowa ya sani ba. Ga ma'aikacin da aka damƙa wa ɗakin ajiya kuwa, ko na takardu ne ko na faya-fayai, ya tuna cewa abin da ake gani tarkace yau shi ne hujjar da za a nema gobe. A 1979 an yanke wa wannan mawaƙiya hukunci, kuma ba a sake duba shi da cikakkiyar shaida ba sai bayan shekara 45. Abin da ya sa aka sami shaidar kuwa, wasu mutane ne da ba a san sunansu ba suka rubuta kwanan wata a jikin kwalaye, suka jera su a wuri mai sanyi, suka kulle ƙofa.