Lokacin Yin Ciko A Bayan Sabon Bango

Ana jawo hankalin magina cewa sabon bangon bulo mai rodi da kankare ba ya iya tare nauyin ƙasa nan take. Kankare yakan sami kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7. Ƙarfin da ake bukata kuwa sai kwana 28, muddin ana ba shi ruwa. In aka yi ciko kafin nan, bango na iya tsagewa ko ya faɗa wa ma'aikata. In ya zama tilas, a tokare shi bisa shawarar injiniya. A riƙa zuba ƙasa santimita 15, ana daɓewa, kafin a ƙara. A bar kafofin fitar ruwa saboda damina. Sauri kan haifi nawa.