Adireshin Gida, Makarantar Yaro: Yadda Iyaye Ke Neman Firamare a Kewayen Houston

 Shirinmu na musamman a yau zai kai mu Amurka, jihar Texas, unguwannin da suka zagaye birnin Houston ta yamma da kudu maso yamma. Nan ne ɗaya daga cikin manyan matattarar 'yan Najeriya a ƙasar, har da 'yan Arewa da aikin asibiti ko na kamfanonin mai ko karatu ya kai su. Maganar da za mu tattauna ita ce wadda ke hana iyaye barci a can da zarar yaro ya kai shekara huɗu: wace firamare za a sa shi?

A Kano ko Damagaram, mai hali yakan nemi makarantar kuɗi ya biya, ko a wace unguwa gidansa yake. A Amurka kusan yara tara cikin goma makarantar gwamnati suke zuwa, kyauta, sai dai ba uba ke nuna wadda yake so ba. Adireshin gidansa ke nunawa. An yanka ƙasar zuwa gundumomin makarantu kimanin 13,000, kusan kowace da hukumarta da jama'a ke zaɓa, da harajinta, da albashin malamanta. A cikin gunduma kuma kowace firamare da iyakarta a taswira. Gidaje biyu na iya fuskantar juna a titi ɗaya, motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta ɗauki yaran wannan ɓangare ta yi gabas, wata ta zo ta ɗauki na wancan ta yi yamma. Saboda haka neman makaranta a can neman gida ne, na haya ko na saye.

Sabon zuwa yakan sauka a Alief, wajen titin Bissonnet, inda haya ke da sauƙi, ga shagunan doya da manja da busasshen kifi. Alief gunduma ce mai zaman kanta. Da yaro ya tasa sai shawara ta fara zuwa daga ko'ina, a masallaci, a wurin suna, a waya: ku koma Katy, ku nemi Sugar Land. Sunayen da ake ta juyawa ke nan, gundumar Katy, da Fort Bend, da Cypress-Fairbanks, da Lamar.

Abin da masu ba da shawarar ba su cika faɗa ba shi ne sunan da gidan waya ya ba unguwa daban, iyakar gunduma daban. Akwai gidajen da adireshinsu ke cewa Katy amma yaransu na Cypress-Fairbanks ne ko na Lamar. Unguwar Greatwood tana cikin Sugar Land, makarantunta kuwa na Lamar ne, ba na Fort Bend ba. Kowace gunduma tana da shafi a intanet inda za ka rubuta lambar gida da sunan titi ta gaya maka firamaren. A duba can kafin a sa hannu a takardar haya, kada a tsaya ga bakin dillali. Ko an duba ma, a sani cewa iyakar tana motsi. Yankin na cika da mutane, ana gina sababbin makarantu, hukuma kan sake zana taswira, sai wanda ya sayi gida saboda wata firamare ya wayi gari an mayar da titinsa wata.

To me ya sa gunduma ta fi gunduma, alhali duk gwamnati ɗaya ce? Amsar tana cikin harajin gidaje. Kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga cikin gundumar yake fitowa, mafi yawansa harajin da ake ɗora wa gidaje da filaye. Jiha na kawo kusan wani rabin, gwamnatin tarayya kuma ɗan abin da ya rage, kimanin kashi goma cikin ɗari. Inda gidaje ke da tsada, kuɗi na shigowa ko da an sassauta harajin. Inda talakawa suke, ko an matsa musu abin da za a tara kaɗan ne.

A Texas ɗin nan aka yi shari'ar da ta fito da wannan fili. A 1968 wani maƙerin ƙarfe mai suna Demetrio Rodriguez, tare da wasu iyaye na gundumar Edgewood a birnin San Antonio, suka kai ƙara. Ku saurari lissafin da aka gabatar wa kotu. Mutanen Edgewood, galibinsu talakawa 'yan asalin Meziko, suna biyan dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da ke isa ga kowane ɗalibi daga wannan haraji dala 26 ne. A Alamo Heights, unguwar masu kuɗi a birni ɗaya, santi 85 kawai suke biya, kowane ɗalibi ya samu dala 333. Talaka ya fi biya, ɗansa ya fi rasawa. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Milliken ta birnin Detroit, kotun ta sake cewa, biyar a kan huɗu, ba za a tilasta wa gundumomin bayan gari su haɗa ɗalibansu da na cikin birni don kawar da wariyar launin fata ba, sai an tabbatar da hannunsu a wariyar. Hukunce-hukuncen nan biyu su suka mayar da layin taswira katanga. Mutanen Edgewood ba su haƙura ba. Sun koma kotun jiha, suka yi nasara a 1989, kuma tun 1993 Texas ke karɓar wani kaso daga gundumomi masu arziki ta shigar cikin asusun jiha. Gibin ya ragu, bai rufe ba. Ni dai a ganina, ƙasar da ta kai Amurka dukiya ba ta da hujjar barin karatun yaro ɗan shekara biyar ya rataya a kan darajar gidan da ubansa ke iya haya.

Jama'a, a nan akwai gargaɗi, domin mu mutane ne masu taimakon juna, kuma abu ne mai sauƙi ɗan'uwa ya ce sa yaron da adireshina. A 2011 wata mata a Akron ta jihar Ohio, Kelley Williams-Bolar, ta yi kwana tara a kurkuku saboda ta rubuta 'ya'yanta mata biyu da adireshin mahaifinta a gundumar Copley-Fairlawn. Sai daga baya gwamna John Kasich ya sassauta mata hukuncin. A Texas ma ba da adireshin ƙarya laifi ne, kuma gunduma na iya bin uba kuɗin karatun. Ga wanda takardun zamansa ba su gama zama ba, wannan kasada ce da ba ta cancanta ba.

Mu zo kan lambar da ke ruɗin kowa. Idan ka buɗe shafin intanet na Zillow ko Redfin kana neman gida, a ƙasan hoton za ka ga makarantun unguwar da maki daga 1 zuwa 10, na wata ƙungiya mai suna GreatSchools. Hukumar ilimi ta Texas ita ma tana ba da nata, daga A zuwa F. Mutane na biyan kuɗi na gaske saboda waɗannan alƙaluma. Wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta auna gidajen da ke ɓangarori biyu na iyakar makarantu a kewayen Boston, ta wallafa a 1999 cewa ƙarin kashi 5 cikin ɗari a sakamakon jarrabawa na ɗaga kuɗin gida da kimanin kashi 2.5. A kewayen Houston kuma akwai ƙarin nauyi: Texas ba ta karɓar harajin albashi, don haka na gidaje ke da zafi, kuma sababbin unguwanni da yawa suna da wani haraji na daban na ruwa da magudanai.

Amma me makin yake aunawa? Babban ginshiƙinsa jarrabawar jiha ce, a Texas STAAR, wadda ake farawa a aji uku. Sakamakon irin wannan jarrabawa kuwa, kamar yadda bincike ya sha nunawa tun rahoton Coleman na 1966, yana bin halin gidan da yaro ya fito ƙwarai da gaske. Firamaren da 'ya'yan likitoci da injiniyoyi suka cika za ta yi maki ko malamanta tsaka-tsaki ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce, daga inda yaro ya shiga aji a watan Agusta zuwa inda ya fita a watan Mayu, nawa ya ƙaru? Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya auna haka a 2017, sai ga makarantun gwamnati na Chicago, waɗanda ake yi wa kallon raini, ɗalibansu na samun ci gaban shekara shida a cikin shekara biyar, daga aji uku zuwa takwas. GreatSchools kanta ta ƙara wa ma'aunin ci gaba nauyi a 2020, bayan sukar da ta sha cewa makinta na bin launin fata da aljihu. Don haka a buɗe rahoton makarantar a nemi sashen ci gaba. Makaranta mai 6 da yara ke ƙaruwa a cikinta na iya fin mai 9 amfani ga ɗanka, kuma ba za ta tilasta wa uba aiki biyu don biyan gida ba.

Sauran kuma sai da ƙafa. A nemi izinin ziyara, a je. A tsaya bakin ƙofa wajen ƙarfe uku na rana lokacin tashi, a ga layin motocin iyaye, a ga ko malamar da ke riƙe da rediyon hannu tana kiran yara da sunansu, ko shugabar makaranta tana waje cikin zafin Houston ko tana ofis. A leƙa bayan ginin: idan an jera azuzuwan wucin gadi na katako a filin wasa, makarantar ta cika ta batse, kuma sake zana iyaka na nan tafe. Dokar Texas ta ce kada aji ya wuce ɗalibai 22 daga ajin share fage zuwa aji huɗu, amma gunduma na iya neman a ɗaga mata ƙafa, don haka a tambaya kai tsaye, yara nawa ne a ajin bana? A tambayi malamai nawa suka bar aiki bara. Wannan amsar ita kaɗai takan faɗi abin da maki ba zai faɗa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ranar rajista za a ba da takarda ana tambayar harshen da ake yi a gida. Wasu iyaye kan ji tsoro su ɓoye. Idan aka rubuta Hausa za a gwada Turancin yaron, in yana buƙatar taimako a ba shi, kuma yaron da aka tabbatar yana koyon Turanci na da damar shiga ajin 'yan shekara huɗu kyauta. Dokar jihar ta yarda yaro ya yi fashi ranar idi ba tare da an rubuta masa laifi ba, amma a sanar da makaranta. A duba jadawalin abinci saboda naman alade. A kuma kalli fuskokin yaran da ke filin wasa. Yankin Fort Bend na cikin wurare mafiya cakuɗuwar jinsi a Amurka, Indiyawa da 'yan Afirka da Sinawa da 'yan Latin da Turawa, kuma yarinya mai suna Hauwa da ɗan hijabinta za ta fi sakewa inda ba ita kaɗai ba ce. Sai lissafin hanya: gida a can ƙarshen Katy, aiki a asibitocin tsakiyar Houston, na nufin uwa ko uba zai ƙare safiya da maraice a cunkoson babban titin I-10, ya dawo yaro ya yi barci ba wanda ya duba masa aikin gida.

Ga masu shirin rajista: sai yaro ya cika shekara biyar kafin ko a ranar 1 ga Satumba zai shiga ajin share fage. Za a nemi takardar haihuwa, da katin riga-kafi, da shaidar zama, wato takardar haya ko ta wutar lantarki mai sunanka. Ba a da ikon korar yaro saboda iyayensa ba su da takardun izinin zama a ƙasar. Kotun Ƙoli ta yanke haka a 1982, a shari'ar Plyler, wadda ita ma daga Texas ta taso, daga garin Tyler.