Jan-bakin da Ba Ya Goguwa, Me Ya Riƙe Shi?

Tallar nan ta fara isa. Ka buɗe TikTok ko Instagram sai ga mai sayar da kayan kwalliya ta goga jan-baki a bayan hannu, ta zuba masa ruwa, ta murza, ta ɗago tana cewa, "Kun gani ko? Awa 24 ba ya motsi, ki ci, ki sha, ki yi gumi." Nan take mata su yi ca: "Hajiya nawa ne? A ajiye min biyu." Ba wadda ke tambayar abin da aka zuba masa har ruwa ya kasa ɗaga shi.

Cikin abubuwan da kamfanoni ke zubawa don haka akwai sinadaran da ake kira PFAS. Dubbai ne, ruwa ba ya kama su, maiƙo ba ya kama su, kuma ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, shi ya sa aka yi musu laƙabi da sinadaran har abada. Danginsu ne ake shafe cikin tukunyar suya da su don kada abinci ya kama.

A 2021, masana a Jami'ar Notre Dame ta Amurka, ƙarƙashin Graham Peaslee, sun gwada kayan kwalliya 231 da aka saya a Amurka da Kanada. Fiye da rabi sun nuna alamar waɗannan sinadarai da yawa. A kayan leɓe kashi 55 cikin 100 ne, a maskarar da ruwa ba ya wankewa kuwa kashi 82. Da suka ware guda 29 suka zurfafa bincike, duka an same su da PFAS, amma ɗaya tak ya rubuta hakan a jikin kwalinsa. Mai taƙamar "nawa ɗan waje ne" sai ta lura da inda aka sayo waɗannan kayan.

Amsar da ta fi ba ni takaici ita ce, "Ai shafawa ake yi, ba ci ba." Haba 'yar'uwa! Ina jan-bakin da kika shafa da safe yake tafiya kafin azahar? Wani ya tsaya a bakin kofi, wani a cokali, sauran kuma ya bi yawu da abinci ya wuce ciki. Da hunturu abin ya fi yawa: leɓe ya bushe ya tsage, a shafa man leɓe, a lashe, a sake shafawa, har yara ake lafta wa kafin su tafi makaranta. Fatar ma ba katanga ba ce. A 2024 masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun gwada nau'i 17 na PFAS a kan fatar gwaji da aka haɗa daga ƙwayoyin jikin mutum, 15 suka ratsa ta.

Sai a ce ai ɗan kaɗan ne. Da yayyafi kogi kan cika. Wasu daga cikin sinadaran nan, kamar PFOA, sai an shekara biyu zuwa huɗu kafin jiki ya fitar da rabin abin da ya shiga jini. Kafin na jiya ya fita, na yau ya hau kansa. Shi PFOA ɗin, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin masu jawo sankara a 2023. Binciken da aka yi wa mutanen da suka sha ruwan da ya gurɓata da shi kusa da masana'antar DuPont a jihar West Virginia ya danganta shi da sankarar ƙoda, ciwon maƙoƙo da hawan jinin masu juna biyu. Gaskiya ne ruwan sha da abinci su ne manyan hanyoyin shigarsu jiki, amma ta kwalliya ce hanyar da rufe ta ke hannunki.

Jihar Kalifoniya ta haramta zuba PFAS a kayan kwalliya daga 2025, Faransa kuma daga 2026. Kayan da aka kora daga wata kasuwa kuwa wata kasuwar suke nema.

Saboda haka, kafin ki biya kuɗi juya kwalin ki karanta. In kin ga PTFE, ko wata kalma mai "fluoro" a cikinta, ajiye shi. Wanda babu jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, ko babu lambar NAFDAC, bar wa mai shi kayansa. Duk wanda aka yi wa kirarin ba ya goguwa, ki ɗauke shi da zargi ko da kwalin bai faɗi komai ba. In dole ce ta biki, shafa na yinin nan, ki goge kafin cin abinci, ki wanke fuska tas kafin kwanciya. Don tsagewar leɓe, man kaɗanya mai kyau ko bazilin zalla ya wadatar, musamman ga yara da masu juna biyu da masu shayarwa. Kada kuma a ruga wajen kowane irin kwalli da sunan na gargajiya ne, domin an sha samun dalma a cikin wasunsu.

Masu yi wa amare kwalliya, ku kuka fi kowa taɓa kayan nan, ku fara kare kanku. Masu haɗa lefe, ku daina auna kaya da tsada kawai. Masu talla kuma ku ji tsoron Allah, ku san abin da kuke sayar wa 'ya'yan mutane kafin ku rantse a kansa.