Kuɗin Kamfanoni da Tsoron Ta'addanci a Zaɓen Amurka

A ranar 25 ga watan Oktoba na shekarar 2001, makonni shida bayan harin jiragen sama da ya hallaka rayuka kusan 3,000 a Amurka, Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna a kan wata doka mai shafi fiye da 300, wadda ta buɗe wa hukuma ƙofar sauraron wayoyin mutane da bincika takardunsu da asusunsu, da aka kaɗa ƙuri'a kuwa sanatoci 98 suka ce sun yarda, mutum ɗaya tak ya ƙi, wato Russ Feingold na jihar Wisconsin, bisa hujjar cewa dokar za ta taɓa haƙƙin waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Bayan wata biyar, a Maris na 2002, sai Shugaba George Bush ya sa hannu a kan wata doka dabam, wadda shi wannan Feingold ɗin da abokinsa John McCain suka yi shekaru suna fafutukarta, dokar da ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago biyan tallar da ke ambaton ɗan takara a rediyo da talabijin idan saura kwana 30 a yi zaɓen fid da gwani, ko kwana 60 a yi babban zaɓe. Mai karatu zai ɗauka mas'aloli biyu ne da ba su da dangantaka. A ganina kuwa ɗaya ce, domin kuɗi da tsoro suna yi wa juna hidima a siyasar Amurka fiye da yadda masu jefa ƙuri'a suka lura.

Shi dai tsoron da Amurkawa ke yi wa dukiyar kamfanoni tsoho ne, kuma ba a kan zato suka gina shi ba. A shekarar 1899, zamanin da majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci, wani attajirin ma'adinin tagulla mai suna William Clark ya sami kujerar sanata daga jihar Montana, sai maganar rashawar da aka rarraba wa 'yan majalisa ta fito fili, har ya ajiye kujerar kafin a tsige shi. Mutanen jihar kuwa, da yake sun ga yadda masu ramukan tagulla ke juya 'yan majalisa da jaridu, sai suka kafa wa kansu doka a 1912 wadda ta hana kamfani kashe kuɗi a zaɓe. Tarayya ma ta riga su, domin tun 1907, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, aka haramta wa kamfanoni ba ɗan takarar tarayya gudummawa.

Wannan katanga ce Kotun Ƙoli ta rushe rabinta a ranar 21 ga Janairu, 2010. Asalin ƙarar ƙaramin abu ne: wata ƙungiya mai suna Citizens United ta shirya fim na sukar Hillary Clinton a lokacin takarar 2008, doka ta hana ta yaɗa shi ta talabijin a kwanakin da aka keɓe, ita kuwa ta kai ƙara. Alƙalai biyar daga cikin tara, bisa alƙalamin Anthony Kennedy, suka yanke hukunci cewa tunda tsarin mulki ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma magana ba ta isa kunnen jama'a sai da kuɗi, to, ba ya halatta a hana kamfani ko ƙungiyar ƙwadago kashe ko nawa ne wajen yabon ɗan takara ko kushe shi, matuƙar ba a hannunsa aka danƙa kuɗin ba, ba kuma da shawararsa aka kashe ba. Dattijon alƙali John Paul Stevens, yana da shekara 89 a lokacin, ya rubuta dogon raddi a madadin huɗun da suka saɓa, ya nuna cewa kamfani ba ya jefa ƙuri'a, ba ya tsayawa takara, saboda haka daidaita shi da ɗan Adam a wannan babi ƙiyasi ne gurgu. Bayan kwana shida Shugaba Obama ya soki hukuncin a gaban majalisa, alƙalan na zaune a sahun gaba, har aka ga ɗaya daga cikinsu, Samuel Alito, yana girgiza kai. A watan Maris wata kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora a kan wannan hukunci, aka sami manyan asusun da suke kira Super PAC, waɗanda ke karɓar kuɗi ba iyaka. A 2012 kuma Kotun Ƙoli ta soke tsohuwar dokar Montana, bayan ta shekara ɗari cur.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da bai faru ba. Manyan kamfanoni, da yake suna gudun ɓata wa rabin masu sayen kayansu rai, ba su fito da sunayensu sun zuba kuɗi yadda aka yi tsammani ba. Galibin dukiyar daga aljihun attajirai ɗaiɗaiku ta fito, wani kaso kuma ya bi ta ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su ba. Kuɗi kuma ba ya lamunce nasara, ga attajiri Michael Bloomberg nan da ya kashe kusan dala biliyan ɗaya a takararsa ta 2020 bai ci ko jiha ɗaya ba. Amma duk da haka zaɓen 2020 ya lashe fiye da dala biliyan 14, a 2024 kuma mutum ɗaya, Elon Musk, wanda kamfaninsa na kumbo ke riƙe da kwangilolin ma'aikatar tsaro, ya kashe fiye da dala miliyan 250. Abin da kuɗi ke saye shi ne damar zaɓa wa jama'a abin da za su kwana suna tunani, mai tallar daƙiƙa talatin kuwa ba shi da hajar da ta fi tsoro saurin shiga zuciya.

Dubi abin da ya sami Max Cleland, sanatan jihar Georgia, a zaɓen 2002. Mutum ne da ya baro ƙafafunsa biyu da hannu ɗaya a yaƙin Biyetnam, yana yawo a keken guragu, amma saboda ya saɓa wa gwamnati a kan haƙƙin ma'aikatan sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida da ake shirin kafawa, sai ɓangaren abokin takararsa ya saki talla wadda ta fara da hoton Usama bin Ladan da na Saddam Husaini, sa'annan ta kawo nasa, tana tuhumarsa da rashin jarunta wajen kare ƙasa. Ya faɗi zaɓe. Duk ɗan majalisar da ya ga haka ya karanta darasin ba tare da an yi masa tafsiri ba, wato tambaya a kan kasafin tsaro tana iya cin kujera, amincewa kuwa ba ta cin kome.

Ba ina cewa tsoron ƙarya ne ba, domin mutane sun ga benaye na rugujewa da idanunsu, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Illar ita ce tsoro ba ya auna hatsari da mudunsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, Gerd Gigerenzer, ya bi lissafin hatsarin hanya, ya ƙiyasta cewa a shekarar da ta biyo bayan harin, saboda mutane sun guji jirgin sama sun koma mota, an sami ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,500 a kan titi, ban da fiye da 40,000 da hanyoyin Amurka suka saba ci kowace shekara a wancan zamani, alhali ba wanda ya taɓa cin zaɓe ko ya faɗi a kansu. Malaman fiƙihu sun ce larura kan halatta abin da aka hana, amma nan take suka ƙara cewa ana auna ta ne gwargwadonta, tana kuma gushewa idan sababinta ya gushe. Wannan sharaɗi na biyu shi ne aka yar.

Su wa suka amfana da yar da shi? A Yulin 2010 jaridar Washington Post, bayan binciken shekara biyu, ta ƙirga hukumomin gwamnati 1,271 da kamfanoni masu zaman kansu 1,931 da ke aikin yaƙi da ta'addanci da leƙen asiri, ta kuma nuna cewa babu wani jami'i guda da ya san iyakar abin da ake kashewa. Kamfanin Halliburton, wanda Dick Cheney ya shugabanta daga 1995 zuwa 2000 kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa, reshensa ya sami kwangilolin biliyoyin daloli a Iraƙi. Akwai kuma wani misali da ya shafe mu. Ranar Kirsimeti ta 2009 wani matashi ɗan Nijeriya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke shirin sauka a Detroit, bayan mahaifinsa ya riga ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi, gargaɗin da ya maƙale a tsakanin hukumomi. Wato abin da aka rasa shi ne jami'in da zai haɗa labari da labari. Amma cikin 'yan kwanaki sai ga tsohon ministan tsaron cikin gida, Michael Chertoff, yana bin gidajen talabijin yana kira a saka na'urorin da ke haska jikin fasinja, daga baya ta bayyana cewa ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ƙera su yana cikin masu biyan kamfaninsa ladan shawara. Ya ce ra'ayinsa ne tun yana ofis, mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa, sai dai mai kallo ya cancanci a sanar da shi wannan alaƙa tun a farkon hira.

Ba sai an zana wata maƙarƙashiya ta ɗakin duhu ba kafin a fahimci yadda abin ke gudana, domin kowa maslaharsa yake bi a fili, bisa doka. Kamfanin makamai yakan rarraba aikin ƙera jirgin yaƙi guda a jihohi fiye da arba'in, ta yadda duk sanatan da ya nemi a rage kasafin sai a ce ya kori ma'aikatan mazaɓarsa. Yakan ɗauki tsofaffin janar-janar da tsofaffin 'yan majalisa su riƙa yi masa kamun ƙafa. Yakan kuma ba 'yan kwamitin tsaro na jam'iyyu biyun gudummawa, kowa ya ci nasa ne. Shugaba Eisenhower, wanda soja ne da ya jagoranci rundunar ƙawance a Turai, ya yi wa ƙasarsa nasiha a kan wannan haɗin gwiwa na soja da masana'antu a jawabinsa na bankwana ranar 17 ga Janairu, 1961, tun ba a san Super PAC ba. Feingold kuwa ya rasa kujerarsa a Nuwamban 2010 ga wani mai masana'anta da ya zuba miliyoyi daga aljihunsa, ko da yake matsin tattalin arziki ya kayar da 'yan jam'iyyarsa da yawa a waccan shekara.

Masu binciken Jami'ar Brown sun ƙiyasta a 2021 cewa yaƙe-yaƙen bayan harin za su ci wa Amurka kusan dala tiriliyan 8, idan aka haɗa da jinyar tsofaffin sojoji nan gaba. Yadda majalisa ta saki linzami kuwa ya bayyana a ƙasarmu ta Nijar: da aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba, 2017, aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da abokan aikinsu na Nijar, manyan sanatoci irin su Lindsey Graham sun fito sun amsa cewa ba su san yawan sojojin ƙasarsu da ke can ba, alhali su ne masu amincewa da kuɗin. Sansanin jirage marasa matuƙi da aka gina a Agadez da fiye da dala miliyan 100, Amurkawa sun fice daga cikinsa a 2024. Ita kuwa dokar izinin yaƙi da majalisa ta zartar kwana uku bayan harin 2001, wadda mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi amincewa da ita a Majalisar Wakilai, har yanzu ba a soke ta ba.