Gidan sojan Faransa na Damagaram

Kai mai karatu, in wata rana ka tashi daga Icirnawa za ka Damagaram, kar ka tsaya ga kasuwa kawai. Ɗaga kanka ka dubi duwatsun da ke kusa da Birni. Akwai wani tsohon gini a can bisa. Gidan sojan Faransa ne.

To, mi ya kawo shi nan?

A shekarar 1898 wani kaftin na Faransa mai suna Kazamaju ya iso Damagaram. Sarki Amadu Kuren Daga bai yarda da shi ba, aka kashe shi. Ba a jima ba, a watan Yuli na 1899, sojan Faransa suka zo da bindigogi masu sauri. Aka gwabza a Tirmini. Ka san Tirmini ai: in ka biyo ta Takeita, motarka za ta ratsa ta kafin ku shiga gari. Nan aka ci mayaƙan Damagaram. Sarki ya fita, aka bi shi, aka kashe shi a wannan shekara.

Da nasara suka zauna, sai suka kafa gidan soja, suka sa mashi sunan Kazamaju. Dubi wurin da kyau. Wanda ke bisa dutsen yana ganin Birni inda fada take, yana ganin Zango inda fatake ke sauka. Da, ganuwar da Sarki Tanimun ya gina tana tsare mutanen gari daga maƙiyi na waje. Shi kuwa wannan gini, mutanen garin ne yake sa wa ido. A ganina, wannan shi ne abin lura a wurin, ya fi kaurin bango. Har ma a 1906 nasara suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa, suka kai shi Kodebuwa.

Damagaram ta zama babban birnin ƙasar a 1911, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Yanzu barikin sojan garin sunan Tanimun yake amsawa.

Amma fa ka yi hattara. Wurin soja ba a faɗa mashi kai tsaye. Yi sallama ga mai gadi, ka faɗi abin da ya kawo ka, kuma kar ka ɗauki hoto sai da izini. In an ce a'a, ba komi, daga ƙasa ma ana ganin sa. Daga nan sai ka gangara Birni ka ga fadar Sarki da guntayen ganuwa da suka rage.