Huren kirizantem: dashe daga karan da aka yanko

Akwai wani hure da Faransawa suke kira kirizantem. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, a Japan kuwa shi ne tambarin gidan sarauta. Wani ɗan kasuwa na birnin Marsai, Pierre Blancard, shi ya kai shi Faransa a shekarar 1789. A can ya zama huren makabarta, ran 1 ga watan Nuwamba akan kai shi bisa kaburbura, shi ya sa ba a yi wa Bafaranshe kyautarsa.

Wanda ya sami damin wannan hure yakan sa shi cikin kwalbar ruwa, in ya yi yaushi ya zubar. Asara ce, domin karan yana iya yin saiwa. Amma ba a jira sai huren ya mutu. Tun yana ɗanye za a zaɓi kara mai laushi, kore shar, musamman wanda ke da toho a gindin ganye. Tsohon kara da ya yi tauri kamar itace da wuya ya kama. A yanki tsawon santimita 8 zuwa 10 da reza mai tsabta, a ƙarƙashin gaɓa, don daga nan saiwa take fitowa. A cire huren, ko da mutum yana jin ƙyashi: in an bar shi, shi zai shanye ƙarfin karan. A zage ganyen ƙasa, a bar biyu ko uku a sama.

Daga nan sai a huda gindin gwangwani, a cika shi da rairai mai ɗan taki ruɓaɓɓe, a soka karan, a kifa leda a kai, a ajiye cikin inuwa mai haske. Yayyafi ya isa, ruwa mai yawa ruɓar da shi yake yi. Cikin mako 3 ko 4, in an ɗan ja karan aka ji ya riƙe ƙasa, ya kama. A dasa da yawa, ba duka ke rayuwa ba.

A ƙasarmu lokacin sanyi ya fi dacewa da wannan aiki, daga Nuwamba zuwa Janairu. Kirizantem sai dare ya yi tsawo yake hure, kuma zafin bazara yana wahalar da shi ƙwarai. Wanda ya dasa a watan Afrilu a Maraɗi ko Damagaram ya ɓata ruwansa.